Hayaƙin Banda a Gaɓar Jidda

A Yawuri aka haife ni, a bakin Kwara, gidan masunta. Ubana Basarke ne, ubansa ma haka, kuma na iya riƙe jirgi tun ban iya ɗaura zane ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce tsoron ruwa ne ya sa nake aibata tekun Jidda. Ruwa bai taɓa ba ni tsoro ba. Mutane ne suka cuce ni, a kan ruwa kawai abin ya faru.

Mun sauka Jidda ni da Malam, maigidana, a cikin azumi, da izinin umara, zamanin da naira ke da mutunci. Niyyarmu irin ta talakawa ce: mu yi umara, mu maƙale, mu jira aikin Hajji. Babban jirginmu na su da tarunansa muka sayar muka zo. Idan aka kama mu kafin ranar Arfa, gida za a mayar da mu, kuma ba mu da wani abin sayarwa na biyu. Abin da ke gabanmu ke nan, mu ɓuya daga ƙaramar Sallah har mu tsaya a Arfa.

Masaukinmu gidan Tanko ne a unguwar Kurayyat. Ƙanen Malam ne, ɗan baffansa, ya daɗe can har Hausarsa ta fara tsami. Magana ɗaya, halas biyu, wato shi ke nan ɗin Larabawa. Direba ne a wurin wani Balarabe, kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa ya samu iƙama, takardar zama. Ranar da muka iso na kwance masa tsarabar kifin banda da na ƙyafe da hannuna, giwan ruwa zalla. Matarsa haifaffiyar can ce, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ta ɗauki ƙunshin da yatsu biyu ta kai saman soro, ban sake ganinsa ba. Na haɗiye, na ce baƙo makaho ne ko da idonsa.

Bayan Sallah kame ya tsananta. Kullum sai ka ji an kwashe wasu a kasuwa, an kwashe wasu a bakin masallaci. Tanko ya fara tsaki idan ya shigo gida. Ran nan ya zaunar da mu ya ce duk wanda aka samu da baƙi marasa takarda, tasa iƙamar ce za ta tafi, amma ya samo mana mafita. Kafilinsa yana da ƙaramin jirgin kamun kifi a kudancin gari, ana neman mai taya aiki, kuma babu mai zuwa kame a kan teku. Shi ne ke kai wa masu jirgin ƙanƙara da ruwan sha da shinkafa a mota, ya kwaso kifi. Idan watan Hajji ya kama, shi da kansa zai ɗauke mu ta ɓarauniyar hanya zuwa Makka.

Ya dube ni yana dariya ya ce, “Ke da kullum kike mana gorin ’yar Sarkawa ce ke, matar Yaya, to ga ruwa nan har ki gaji.”

Na ce masa ruwan da na sani ana shansa. Ya ce in bar wannan a hannunsa. Sai daga baya na ji cewa ladan aikin Malam duka aljihun Tanko yake shiga. Hayar yayansa ya bayar kamar jaki, ni kuma gyara ce a kai.

Ya fara kai mu wani ɗakin ajiya a Khumra, inda ake tara taru da jarkoki. Nan ya miƙo mini jallabiyar maza mai ƙaurin man inji da wani jan rawani. Ya ce mata ba sa hawa jirgin su a ƙasar nan, idan aka hango ni daga nesa dole a ga namiji. Na juya wajen Malam ina jiran ya yi magana. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri, don Arfa ne. Ni da na aurar da ’ya, na sa rigar wani ƙato da ban san ko wane ne ba, na naɗa rawani kamar mai tallan raƙumi. Tanko ya tuntsire da dariya ya ce, “Yalla, Malam Lami, mu tafi.” Har yau idan na tuna dariyar nan sai na ji ɗaci a harshena.

Jirgin bai kai rabin wanda muka sayar ba. Na katako ne, da ɗan inji a gindi, da akwatin ƙanƙara a tsakiya, da tamfol da aka ɗaura a kan sanduna don inuwa. Mai tuƙa shi wani tsoho ne ɗan Yaman, Salim, siriri kamar kara, haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Shi kaɗai ke da takarda a cikinmu. Da ya gane mace ce a cikin rawanin sai ya yi wa Tanko faɗa mai tsawo da Larabci, Tanko yana ta ma fi mushkila, wai babu damuwa. Da motar ta tafi, tsohon ya ɗauko buhu biyu ya farke, ya ɗinke, ya kewaye mini wani lungu a goshin jirgi. Wannan buhun shi ne ɗakina, shi ne banɗakina. Duk zaman da muka yi, idan na shiga bayansa Salim yakan juya baya ya kama waƙarsu ta Yaman da ƙarfi, don in san ba ya ji.

Ba mu shiga tsakiyar teku ba. Gefe-gefe muke bi, muna kudu, muna shiga wasu ƙoramu da teku ya ci cikin ƙasa, mu fito, mu kewaya tsibirai na yashi da ba kowa sai tsuntsaye. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasansa, amma munafuki ne. Ƙarƙashinsa duwatsun murjani ne masu kaifi kamar aska, na ga sun yanka ƙafar Malam ta ƙi warkewa saboda gishiri. A Kwara idan ƙishi ya kama ka, hannu za ka sa ka ɗebo. Nan kuwa kana zaune a kan ruwan da ba shi da iyaka, kana kallon jarka ɗaya kamar maraya. Ka yi wanka ka fito jikinka na ƙaiƙayi. Ka wanke tufa ta bushe ta tsaya da kanta. Sabulu ma ƙin kumfa yake yi. Kitsona ya cuɗe a ƙarƙashin rawani har sai da na sa wuƙar kifi na rage shi.

Da asuba su Malam suke jan taru, da hantsi su zauna da ƙugiya. Ni ce mai fasa ciki, mai jera kifi cikin ƙanƙara, mai dafa shinkafa a kan risho a ƙasan jirgi, mai kwarfe ruwa da gwangwani. Kifayen ko sunansu ban sani ba. Wani ja da ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda, wani kore mai baki irin na aku. Babu tarwaɗa, babu ƙarfasa, babu ragon ruwa. Da azahar iska takan taso daga arewa, jirgin ya yi ta tsalle, sai mu gudu cikin ƙorama mu ɗaure a jikin wasu itatuwa da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, Salim yana ce musu shura. Zafi kuwa ba irin namu ba ne mai busar da mutum, wannan dafa ka yake yi da gumi. Idan muka hango wani jirgi, kwanciya nake yi a ƙasa kusa da akwatin kifi, a rufe ni da taru mai ƙarni har ya wuce.

Malam ba mai magana ba ne ko a gida, a teku kuwa sai ya zama bebe. Ni nake yin faɗan mu biyu. Nakan zagi teku, in zagi rana, in zagi Tanko da wanda ya koya masa tuƙi. Salim ba ya jin ko kalma, amma da ya ji sunan Tanko sai ya tofa yawu a ruwa, mu yi dariya. Da haka muka saba. Yana da ɗan ƙunshin dabino da yake ɓoyewa, kullum bayan la’asar sai ya ajiye mini biyu a bakin buhuna ba tare da ya dube ni ba. Ni kuma na ɗinke masa rigarsa. Idan kewar gida ta taso mini nakan rufe ido in ji kamar muryoyin mata a bakin kwata, ana ciniki, yara na iyo. In buɗe in ga yashi fari fat da raƙumi ɗaya can nesa yana cin ganyen shura.

Wurin haɗuwarmu da Tanko wata ƙorama ce da aka kafa tsohuwar ganga a bakinta. Da farko yana zuwa a kan lokaci. Da Hajji ya matso sai ya fara latti, ƙanƙarar ta ragu, ruwan ya ragu. Na tambaye shi dalili, ya ce hanya ce ta cika da shingaye. Na ce to yaushe za mu tafi Makka? Ya ce bukra, wato gobe. Goben Tanko ba ta da rana a kalanda. Zuwansa na ƙarshe na riƙe ƙofar motar na ce ya dubi Allah, ga wata ya kusa tsayawa. Ya ce, “Matar Yaya, ke dai akwai mita. Zuwa na gaba ku haɗa kayanku, halas.”

Watan Zulhajji ya tsaya muna kallonsa daga cikin jirgi. Na wanke zanena na gida, na ninke haramin Malam, na ajiye a shirye. Kamar teku ya san za mu rabu, ran nan taru ya cika har mu uku muka kasa ɗaga shi sai da dabara. Manyan kifaye masu mai, irin kamun da a Yawuri sai an yi guɗa. Muka cika akwati, muka zuba saura a ƙasan jirgi, muka nufi ganga. Muka wuni, babu mota. Washegari ma haka. Ƙanƙara ta zama ruwa, ruwan jarka ya koma gindi, muna jiƙa leɓe kawai. Salim ya danna cikin kifi ɗaya da yatsa, ya girgiza kai, ya nuna teku, wai gobe zubarwa za a yi. Na ce wa Malam ya gaya masa ba a gabana ba. Malam ya ce da wane bakin zai gaya masa, kuma ruwan sha ne damuwarmu yanzu, ba kifi ba.

Da gari ya waye suka ɗauki jarka suka nufi cikin ƙasa, inda Salim ya san akwai masu kiwon raƙuma. Malam ya ce in zauna cikin jirgi, kada in cire rawani. Abin da ya ce ke nan. Bai ce kada in hura wuta ba. Salim bai taɓa cewa ba, Tanko da ya san ƙasar, ya san dokarta, mai bakin da ba ya rufuwa, bai taɓa cewa ba. Ni na ɗauka rashin itace ne ya sa muke girki a risho. A inda na fito, hayaƙi a bakin ruwa shaida ce cewa akwai mace mai hankali a wurin. Uwata takan ce wadda ta bar kifi ya ruɓe alhali akwai itace, ta zagi Wanda Ya ba ta. To ga itace, ga kifi, ga ni.

Na sauka na haƙa rami a yashi, na jera duwatsu a gefensa. Akwai wani tsohon tarkon kifi na waya da teku ya jefo, na buɗe shi na shimfiɗa a sama. Na karyo busassun rassan shura na hura, na ɗora ɗanyen ganye don wutar ta kwanta ta ba da hayaƙi. Na fasa kifayen, na wanke, na lanƙwasa na jera. Da man ya fara ɗiga yana cuwa, ƙamshin ya tashi, wallahi sai na ji na dawo mutum. Na cire rawanin nan na jefar, na tuɓe jallabiyar, na ɗaura zanena da ɗankwalina. Tun da na sauka ƙasar nan ban yi abin da na iya ba sai ranar. Jeri na farko ya yi ja kamar zuma, na kwashe na sa na biyu. Hayaƙin ya miƙe sama sambal, ina kallonsa ina jin daɗi.

Ina juya jeri na uku na ji ƙarar inji, ba irin namu ba. Wani farin jirgi ne mai gudu ya shigo ƙoramar, da askarawan tsaron gaɓa a ciki. Ashe a wannan gaɓar hayaƙi alama ce ta masu fasa-ƙwauri, da shi suke kiran ’yan’uwansu daga teku, kuma ana hango shi daga nisan duniya. Ban gudu ba. Ina zan je, kuma wa zai juya kifin? Suka sauko da bindigogi suka tarar da mace ɗaya da sanda a hannu. Babbansu ya yi ta faɗa da Larabci. Sai wani baƙi a cikinsu ya matso, ya shaƙi iska, ya dubi kifin, ya dube ni. Ya ce da wata karyayyiyar Hausa, yana kirana khala, wato inna, “Khala, ke Hausa? Wannan mamnu, an hana. Hayaƙi babu kyau a nan.” Ya ce kakarsa mutuniyar ƙasarmu ce, tana yin irin wannan kifin yana ƙarami.

Na ce to tunda ya san abin kirki ne, ya gaya wa ubangidansa ya bar ni in ƙarasa. Ya ce ba kifi ake tambaya ba, takarda ake tambaya, da kuma su wa nake tare da su. A daidai lokacin na hango su can cikin yashi, mutum biyu da jarka a tsakaninsu, sun tsaya cak. Na san Malam. Zai zo ya miƙa kansa don kada a ce ya bar matarsa, mu taru mu yi asara biyu. Iska daga teku take busawa zuwa ƙasa. Na juya kamar ina yi wa askarawan masifa, na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, “Malam, ka koma. In ka matso nan ban yafe maka ba duniya da lahira. Ɗayanmu ya tsaya a Arfa.”

Baƙin askar ɗin ya ji sarai. Ya dube ni, bai waiga baya ba. Babbansu ya tambaye shi me na ce, ya amsa da wata gajeriyar magana yana nuna kansa da yatsa, sauran suka yi dariya. Mahaukaciya ya ce da ni, na gane, kuma ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Allah Ya saka wa kakarsa.

Salim kaɗai ya ƙaraso, yana jan jarkar. Ya nuna takardarsa, suka yi ta yi masa tsawa yana ba da haƙuri. Ban san abin da aka yi masa daga baya ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai. Kafin a sa ni a jirginsu ya cika gwangwani da ruwa ya ba ni da hannu biyu. Suka tura yashi a kan wutar da takalmansu. Kifin nan duka, wanda ya gasu da wanda bai gasu ba, aka bar wa tsuntsaye. Muna fita ƙoramar ina ganinsu suna sauka a kai.

Aka kai ni wani babban ɗaki a Jidda inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Mata ne cike, ’yan Nijar, ’yan Cadi, namu, wasu da goyo. A nan ranar Arfa ta same ni. Mai gadin ƙofa yana da rediyo, muna jin alhazai suna labbaika kamar ruwan sama. Wata ’yar Damagaram ta ce mu ɗauki azumi, akwai lada. Azumin Arfa na wanda bai je ba ne. Na yi shi a wurin da tsakanina da filin bai kai Yawuri zuwa Kwantagora ba. Matan suna kuka, ni ban yi ba. Fushi ya hana hawayen fita. Bayan Sallah aka zuba mu a jirgin sama, na sauka da zane ɗaya da ɗankwali.

Malam ya dawo bayana da wata guda, ya rame, amma ya yi aikinsa cikakke. Masu raƙuman ne suka kai shi bakin titi, ya bi wasu ’yan Cadi har Makka. A Mina ya yi kiciɓis da Tanko. Ashe duk kwanakin da muke jiƙa leɓe a bakin ganga, shi yana jigilar mutane zuwa Makka da motar kafilinsa, kai-kai ana biyansa. Mu da ba za mu biya ba aka bar wa rana. Da Malam ya gaya masa an kama ni, sai ya ce ƙaddara ce, kuma wa ya aike ta hura wuta? Malam ya yi ta ɓoye mini wannan maganar, sai da na matsa masa. Ya yi mini alkawarin zai mayar da ni. Kwara ta ja baya, kifi ya ragu, kujera ta yi tsada, har Allah Ya karɓi abinsa bai samu iko ba. Yanzu ko an biya mini, gwiwoyin nan ba za su kai ni ba.

Shekaru da yawa bayan haka Tanko ya dawo gida. Kafilin ya mutu, ’ya’yansa suka sallame shi, ya zo da ciwon da ba ya tashi. Ya aiko a kira ni har sau uku, na ƙi. A na huɗu limamin unguwa ya sa baki, na je don girmansa. Na same shi kwance a tabarma, ya zama ƙashi da fata, Larabcin duk ya zube, Hausa tsantsa yake yi. Ya ce, “Yaya Lami, ki yafe mini.”

Ɗakin cike da mutane, kowa na jiran in ce na yafe a shafa fatiha. Na ce, “Tanko, yunwa da ƙishirwa na yafe, jiki ya riga ya manta. Amma akwai wani filin tsayuwa a gabanmu, ba a tambayar takarda a hanyarsa, ba a kuma barin kowa a baya. Can zan tsaya, kai ma za ka tsaya. Sai mu ƙarasa maganar a gaban Mai filin.”

Liman ya ce in ji tsoron Allah. Na ce tsoronsa ne ya sa na kai ƙara wurinsa ban kai wurin boka ba. Na ɗauki sandata na fito.

Bai yi mako ba ya rasu. Na je gaisuwa, na zauna cikin mata, na ce Allah Ya ji ƙansa, don rahama ba tawa ba ce da zan hana. Amma ƙarata tana nan, ban janye ba.